Iyakar Ƙasar Sabara

Tun zamanin da ba a raba ƙasa da takarda, an yi wata maginiyar tukwane a ƙauyen Tungar Yumɓu, sunanta Gwamma, wadda ta huda rufin birnin aljanu da dagi. Ba da gangan ta yi ba. Tana cikin ramin yumɓu da rana tsaka, goye da jaririyarta, ta ɗaga dagi ta soka, sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye su su biyu. Ta dira a tsaye a tsakiyar wani gari wanda ɗakunansa duk randuna ne a kife, kowace randa ta fi rumbu girma, ga haske ko'ina, ba rana ba fitila. Da ta ɗaga kai sai ta ga hujin da ta yi, ƙasa na zubowa ta cikinsa a kan wata tsohuwa da ke zaune bisa turmi.

Tsohuwar ta kakkaɓe kanta, ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wa ya aiko ki ki yaye mana rufi?"

Gwamma ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ba wanda ya aiko ni sai neman abin kaiwa bakin salati. In an yarje mini, ni na fasa, ni zan liƙe."

Aka kawo mata tsani. Ta kwaɓa yumɓu, ta hau, ta liƙe hujin, ta goge shi har ba a gane inda ya fashe. Tsohuwar ta duba aikin ta gyaɗa kai.

"Ni ce Magajiyar Rami, mai riƙe da ƙarƙashin ƙasar Sabara. Hannunki yana da kyau. Wannan da kike goye da ita, me ya sa numfashinta ke fita da ƙyar?"

Nan Gwamma ta fashe da kuka. Wabi ce ita, wato duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye. Huɗu ta binne a gindin tsamiyar bayan gari, mijinta ya bi su tana da cikin wannan. Ta sa wa yarinyar suna Barmani, roƙo ne take yi a bar mata ko guda ɗaya, ga shi ita ma zazzaɓin ya kama ta.

Magajiya ta ce, "Waiwaya."

Gwamma ta waiwaya, ta ga wata inuwa a tsaye ba mai ita, doguwa, da yatsu zara-zara, ta sunkuyo kan goyon.

"Rai na Allah ne, ba ni da iko a kansa," in ji Magajiya. "Amma wannan sunansa Mabiyi, shi ne sanadin 'ya'yanki, kuma shi ina da iko a kansa." Ta dangwali ɗanyen yumɓu ta shafa a goshin yarinyar. Inuwar ta yi baya, ta ratsa bango ta fice. "Na kore shi daga ƙasata. Muddin 'yarki tana cikin ƙasar Sabara ba zai taɓa ta ba. Zai tsaya a bakin iyaka yana jira, shi ba ya gajiya. Ranar da ta ƙetare, tasa ce. Akwai abin da za ki tambaya?"

Gwamma ta ce babu, sai godiya. Kuskurenta ke nan, kuma ban ga laifinta ba. Wa zai tsaya tambayar inda ƙasarsu ta ƙare? Kowa gani yake ya sani.

Ita kuwa Sabara ba ƙasar sarki ɗaya ba ce. Suna ne da ake kiran wani yanki mai faɗi, ƙasashen sarakuna da yawa a cikinsa, kowa da tambarinsa, kowa da gadararsa. Abu ɗaya ne ya haɗa mutanenta: ba sa barin gawarsu a baƙon wuri. Ko ina ɗan Sabara ya rasu, sai 'yan'uwansa sun ɗora shi a makara sun kawo shi inda aka binne cibiyarsa. Wanda ya bar nasa a waje, ya ja wa zuriyarsa abin gori. Gwamma ma ta daɗe da nuna wa ƙanenta Tunau wurin da take so a gindin tsamiya, tsakanin mijinta da ƙananan kaburbura huɗun nan. Duk kaka sai ta aika an share ciyawar wurin.

Barmani ta warke, ta yi yaye, ta girma ta zama budurwa mai yawan dariya, da ɗan tabon yumɓu a goshi wanda ba ya wankuwa. Ba ta taɓa wuce kukar Mararraba ba, domin har zuwa wannan kukar ba mai musu cewa Sabara ce.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, ta bayanta ma ta yi, ta uku ko hadari ba ta haɗa ba. Rijiyoyi suka ƙafe sai guda, ita ma taɓo ake tatsa. Mutanen Tungar Yumɓu suka yanke shawarar tashi zuwa Tafkin Mazargi, tafiyar yini gaba da kukar Mararraba, a cikin ƙasar Sarkin Gurzau. Gwamma ta je dandali inda dattawa ke zaune, ta durƙusa daga gefe, ta yi tambaya ɗaya: Tafkin Mazargi cikin Sabara yake?

Da ta san abin da za ta tayar, da ta kawo musu ruwan sha, ko da yake ba ruwan. Mai gari ya ce Sabara ƙasashen sarakuna huɗu ne, haka ya ji a bakin kakansa, kuma Gurzau ba ta ciki. Wani bafatake ya ce shida ne, shi da ya ci kasuwar Gurzau ya fi kowa sani. Wani makiyayi ya ce rabin Gurzau na arewa Sabara ne, na kudu kuwa a'a, amma da aka tambaye shi a wane rabin tafkin yake sai ya kama susar ƙeya. Suka yi ta yi har inuwa ta juya, kowa yana rantsuwa da rawaninsa. Su a wurinsu hira ce. Ita kuwa ran 'yarta ake jefawa daga baki zuwa baki.

Ta tashi ta ɗauki tulu da ɗan ruwa, ta ƙulle curin yumɓun garinsu a bakin zane, ta bar Barmani a hannun Tunau, ta nufi ramin yumɓu. Ramin ya bushe ya tsattsage. A cikin wata tsaga ta tarar da wani ƙaton kwaɗo da rawani, ya rame har fata ta yi masa yawa.

"Magajiya ta bi ruwa, ta sauka can ƙasan ƙasa," in ji kwaɗon. "Tsakaninki da ita akwai masu tsaron iyaka uku. Kowanne zai amsa miki, kowanne zai karɓi wani abu a jikinki, kuma abin da aka karɓa ba a mayarwa. Kin yarda, 'yar Adam?"

"Na yarda."

Ya buɗe baki, bakin ya zama ƙofa, ta sunkuya ta shiga.

Ta fito a wani fili fetal, ba itace ba ciyawa, sai turaku kamar na ɗaure dawaki, dubbai, suna tashi sama suna faɗowa su cake a wani wuri. Wasu jajayen aljanu ne ke tuge su suna jifa, duk sanda aka ji tambari ya yi ƙara daga sama. Gwamma ta ɗora tulunta a ka, ta yi bismillah, ta kutsa. Turke ya faɗo gabanta, wani ya yagi zanenta, wani ya dira a kan tulun ya fasa shi, ruwan ya kwarare mata a fuska. Ba ta tsaya ba sai da ta isa gaban wani jibgegen aljani mai guduma a kafaɗa.

"Ni ne Sarkin Turaku. Duk iyakar da sarakunanku suka shata a sama, mu ke kafa ta a nan. Faɗi buƙatarki, sannan ki ba ni baƙin gashinki, za mu tufka igiyar awo da shi."

Ta sunkuyar da kai, ya shafa, gashinta ya koma fari fat. Ta yi tambayarta.

Ya ce, "Ƙasa ta mai tambari ce. Lokacin da Gurzau take kai gaisuwa ga sarakunan Sabara, tafkin yana ciki. Da ɗan sarkinta ya hau ya ƙi kaiwa, muka tuge turke, ya fita. Bara sun yi sulhu ya shigo. Yau da safe na ji an ce sun ɓata. Dubi can." Ta duba, ta ga aljanu biyu sun kama turke ɗaya, wannan na ja gabas, wancan na ja yamma. "Turken tafkinki ke nan. Ki dawo in sun gama."

"Yaushe za su gama, ranka ya daɗe?"

"Tun ina yaro suke yi."

Ta wuce. Filin ya ƙare a bakin wani daji inda itatuwa ke gudu. Marke da ƙirya da kanya, kowanne ya tuge saiwoyinsa yana jan su, duk sun nufi kudu suna nishi, ita kuwa hanyarta arewa take. Ta riƙa laɓewa bayan suri, in ayari ya wuce ta ruga zuwa na gaba. Rassa suka zane ta, wata saiwa ta harɗe ta ta faɗi, leɓenta ya fashe. Da rarrafe ta isa tsakiyar dajin, inda ta sami wata aljana da ƙafafunta suka zama saiwa suka nutse a ƙasa, sabara ta tsiro mata a ka a maimakon gashi, duk ta yi yaushi.

"Ni ce Uwar Saiwa. Kowa ya gudu, ni ba ni da halin gudu. Ki ba ni miƙewar bayanki in jingina, sai in amsa miki."

Gwamma ta juya mata baya. Aljanar ta dafa, bayan ya lanƙwashe, ya zauna a haka.

"Kada ki saurari masu turaku, 'yata, aikinsu wasan yara ne. Ƙasa ta abin da ya tsiro a kanta ce. Inda sabara ta daina fitowa, nan ƙasar Sabara ta ƙare. Bakin tafkin nan laka ce, sabara ba ta taɓa fita a wurin ba. Yana waje. Kuma zan faɗa miki abin da ba ki tambaya ba: 'ya'yana suna mutuwa. In farin nan ya ƙara shekara, garinku ma zai fita daga ciki, yana zaune a inda yake."

Gwamma ta tsinci wani busasshen reshe ta dogara, ta ci gaba, zuciyarta ta fi bayanta nauyi.

Bayan dajin akwai kasuwa. Ba hatsi ba tufa a cikinta, sai goruna rataye a rumfuna, kowane gora da murya a ciki. Wani na gaisuwa, wani na tallar fura, wani na kiran awaki. Mai tsaron ƙofa ya ce mata duk wanda ya buɗe gora, muryarsa za ta shige ciki, shi kuwa ya zauna a kasuwar har abada. Ta ce ta ji. Tana tsaka da ratsa rumfuna sai ta ji kukan jariri, ta tsaya cak. Na farinta ne, Dogara, mai kuka yana shaƙewa. Gora na kusa da shi ya ɗauka, wannan Kyauta ce, mai siririyar murya. Su huɗun duka suna rataye a rumfa ɗaya, daidai tsayin hannunta. Uwa ba ta manta kukan ɗanta. Ta miƙa hannu har ta taɓa marfin, ƙirjinta na zafi kamar na mai jego. Sai ta tuna akwai wadda ta rage, mai rai, tana tatsar taɓo a bakin rijiya. Ta janye hannun, ta ce, "Ku yi haƙuri, ina nan tafe, wurina yana nan kusa da ku." Ta toshe kunnuwa ta wuce tana kuka, suna kuka.

Sarkin kasuwar yana zaune a ƙarshen layi, kunnuwansa kamar faifai.

"Na ji tambayarki tun kafin ki iso. Ki ba ni ɗumin jikinki, muryoyina suna jin sanyi."

Ta miƙa hannu, ya riƙe. Sanyi ya shiga mata har ɓargo.

"Turke itace ne, sabara ciyawa ce, duk ba su da baki. Ƙasa ta masu magana ce. Inda aka gaishe ki da irin gaisuwarku, aka yi miki ta'aziyya da irin kalmominku, nan Sabara ce. Ranar kasuwar Mazargi fatakenku suna cika bakin tafkin, ran nan yana ciki. Kashegari in sun watse, ya fita."

"To wanne zan kama, ranka ya daɗe? Ku uku, maganarku uku."

"Kowannenmu gaskiya ya faɗa miki. Amma ba mu muka kori Mabiyi ba."

Ya nuna mata wasu matakala da suka gangara cikin duhu. Ta sauka tana dafa bango, ta sauka, ta sauka, har gwiwoyinta suka daina jin ta. A can ƙasa ta tarar da Magajiyar Rami zaune bisa turminta a bakin ɗan ruwan da ya rage. Daɓen da ke gabanta cike yake da ƙananan fitilun kasko, ba sa ƙirguwa, sun yi cunkus a wuri ɗaya, daga nan kuma duhu ne ta ko'ina.

Magajiya ta daɗe tana dubanta. "Mai liƙe rufi, ke ce kika koma haka? Ran nan na ce ki yi tambaya."

"Ban san ban sani ba, ranki ya daɗe. Ina iyakar ƙasarki?"

"Ga ta a gabanki. Ni ta ƙarƙashi nake riƙe da ƙasa, ba ruwana da tambari ko ciyawa ko gaisuwa. Kowace fitila a nan kabarin ɗan Sabara ne, wanda aka binne cibiyarsa a cikin Sabara. Haskenta yana kai tafiyar yini ta kowace fuska. Inda haske ya tsaya, nan ikona ya tsaya."

Gwamma ta duba, ta gane garinsu. Ga ƙananan fitilu huɗu da babba ɗaya, ga ɗan fili a tsakaninsu da aka share. Hasken ya kai kukar Mararraba ya tsaya. Gaba da kukar, a cikin duhu, ta hango doguwar inuwar nan a tsugune.

"Mutanenki sun yi fatauci har bakin teku," in ji Magajiya, "sun mutu a ko'ina, amma duk sai an kwaso mini su an tara a wuri ɗaya. Su suka hana ƙasata faɗi, saboda son da suke yi mata."

Gwamma ta kwance bakin zane ta fito da curin yumɓu. "In na kai ƙasar garinmu na zuba a bakin tafkin fa?"

"Ƙasar da aka ɗauka a hannu kaya ce."

"In wani daga cikin masu ƙaura ya rasu a can?"

"Za su ɗauko shi su dawo da shi, kin san halinku. Ko sun bar shi ma, fitila ba ta kamawa sai ga wanda ya kwanta a wurin da yardarsa. Wanda aka yar a fagen yaƙi, ransa yana gida, ba ya haska mini komai."

Gwamma ta kafa ido a kan ɗan filin nan da aka share. Magajiya ta ga matar ta gane. Aljana ce, amma sai da ta kau da kai.

"Ɗumin da aka karɓa a jikinki ba zai dawo ba," ta ce daga baya. "Ban san ranarki ba, wannan sanin Allah ne. Amma da ni ce ke, ba zan yi jinkiri a hanya ba."

Ta taɓa ruwan da yatsa, sai Gwamma ta tsinci kanta kwance a ramin yumɓu, rana na dukanta, ita kuwa tana rawar sanyi.

Garin ya watse. Ba kaza ba akuya, ƙofofi a buɗe. Barmani da kawunta Tunau kaɗai suka rage, rijiyar ta ƙafe sarai, suna rayuwa da ruwan da Tunau ke ɗaukowa daga tafki a kan jaki, jakin ma ya kwanta bai tashi ba. Barmani ta ga wata tsohuwa mai farin kai ta shigo tana dogara sanda, ta ce, "Sannu, Iya, mutanen gidan sun tashi." Sai da tsohuwar ta kira sunanta ta gane muryar. Ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafunta.

"Inna, me suka yi miki?"

"Ciniki muka yi, kuma ban faɗi ba. Kawo mini bargo."

Da Barmani ta shiga ɗaki, Gwamma ta ja Tunau bayan danga ta faɗa masa komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Yaya, ki roƙe ni wani abu ban da wannan. Ke da bakinki kika nuna mini wurin. Ni nake share shi. In na bar ki a ƙasar Gurzau, da wane ido zan dubi mutane? Jikokina ma sai an goranta musu."

"Za a goranta musu. Ka ɗauka."

"Yaran fa? Su wa za su kwanta kusa da su?"

Wannan ta soke ta, sai da ta dafa danga. "Ubansu yana nan. Na ce musu ina tafe, Tunau, na yi musu alkawari, kuma zan saɓa. Su sun riga sun huta. Barmani kuwa ƙishirwa take ji."

Tunau ya rufe fuska da hannun riga. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake musu ba.

Kashegari da hantsi suka fita su uku. Da suka zo daidai tsamiyar bayan gari Gwamma ta tsaya daga nesa, ta daɗe tana motsa baki, sannan ta juya ba ta sake waiwayawa ba. A kukar Mararraba ta zaunar da Barmani a cikin kogon kukar, ta bar mata sauran ruwan duka.

"Akwai mutum ɗaya da ya rage in gani a bakin tafki. In an daidaita, kawunki zai zo ya ɗauke ki. Kafin nan ko me kika gani kada ki wuce saiwar nan."

"Inna, ki bari Kawu ya je shi kaɗai. Jikinki ya yi sanyi kamar randa."

"Wannan saƙon ba a aike." Ta lashi yatsa ta goge tabon goshin yarinyar, kamar yadda ta saba tun tana goye, ko da yake ta san ba ya fita. "Ki riƙa cin abinci. Kina da wasa da ciki."

Tunau ya goya ta, suka wuce. Inuwar da ke tsugune bayan kukar ko kallonsu ba ta yi ba, idonta na kan kogon.

Suka isa Mazargi, inda mutanen Tungar Yumɓu suka kakkafa bukkoki. Gwamma ta sa aka kwantar da ita a kan wani tudu mai kallon ruwa. Ta ɗebi ƙasar wurin ta murza a yatsu, ta ce yumɓun ba laifi, zai yi tulu. Ta ce a gaban mai gari da kowa, "Ku shaida, nan nake so, da yardata." Suka ɗauka zafin ciwo ne. Ba ta daɗe ba ta yi shahada ta cika.

Mata suka yi mata wanka, aka yi mata salla, maza suka ɗaure makara za su kama hanyar gida. Tunau ya ɗauki dagin yayarsa ya hau tudun ya fara haƙa. Mai gari ya ce ya haukace. Wani ya ce tun da aka kafa Sabara ba a taɓa jin ɗan halak ya yar da 'yar'uwarsa a baƙon wuri ba. Wata tsohuwa ta tofa masa yawu. Ya ci gaba da haƙa. Da samari suka sunkuya za su ɗaga makarar sai ya fito daga ramin, ya zo ya kwanta a gabansu, ya ce sai dai su taka shi. Aka yi cirko-cirko. A ƙarshe mai gari ya ce a bar masa, abin kunyar nasa ne shi da zuriyarsa. Mutum biyu kaɗai suka taya shi sa ta.

Barmani kuwa tana kogon kuka, ruwanta ya ƙare, leɓunanta sun tsage. Ta hango mutum ɗaya tafe da gora a kafaɗa. Ta sha har ta ƙware, sannan ta ce, "Kawu, ina Inna? An daidaita?"

"Ta ce ki taho."

Ta fito ta tsaya a bakin saiwar da aka hana ta wucewa tun tana rarrafe. A karo na farko ta ga abin da idonta: doguwar inuwa a tsaye a kan hanya, yatsu a miƙe. Ta kama hannun kawunta, ta rufe ido, ta ɗaga ƙafa ta taka. Ba abin da ya faru. Ta buɗe ido ta ga inuwar tana ja da baya, tana ja, kamar wanda ake kora da wuta, har ta ɓace a ƙarshen hanya.

Barmani ta yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta taka nan, ta taka can, ta ɗebi ƙasar ta watsa sama. "Kawu, ka gani? Inna ta ci nasara. Wa ta gani? Me ta ba shi?" Tunau ya ce su yi sauri rana na yi. Duk tsawon hanyar tana gaba yana baya, tana lissafa abin da za ta yi: za ta dama wa Inna kunu mai zafi, za ta gasa mata baya, daga yau ita za ta riƙa haƙo yumɓu. Shi dai yana share fuska yana cewa ƙura ce.

Da yamma suka hango ruwa. Ta saki kayanta ta ruga cikin bukkoki tana kiran Inna. Mata suka riƙa sunkuyar da kai. Ta bi idanunsu har kan tudu, inda ta ga sabuwar ƙasa a tare, da fasasshen tulu a kife a kanta, da dagi a jingine.

Ta hau a hankali. Ta tsaya, ta dubi kabarin, ta juya ta dubi hanyar da ta biyo lafiya tun daga kuka, ta sake duban kabarin. Tunau ya iso ya tsaya a bayanta.

"Kawu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ba za a kai ta gida ba?"

"In aka kai ta, ke za a kai bayanta."

Barmani ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu. Rana ta yini a kanta, da ɗumi. Ta kwance bargon da ta ɗauko tun daga gida ta shimfiɗa a kai, ta ce Inna tana jin sanyi.

Har yau in ka tambayi dattawan yankin inda ƙasar Sabara ta ƙare, za su ba ka amsa uku ko huɗu, su yi ta musu har inuwa ta juya. Jikokin Barmani ba sa shiga wannan musun. In an matsa musu, tudun bakin tafki suke nunawa.